BEBIYAR DAWA

Shafi na 23

Masu yi min barazana a akwatin saƙo cewa in ban sa Kawu ya durƙusa yau ba za ku daina kula ni, to na ji. Ku gyara zama. Wadda ta san tana da hawan jini ta fara haɗiyar maganinta tukuna, kada gobe a ce ni ce sila.

*

Auta na durƙushe tana cusa ƙasa cikin ledojin dashe ta ji an danne hon a bakin lambun an ƙi saki. Ko ɗagowa ba ta yi ba. A duk dangi mutum ɗaya ne ke danna hon haka, kamar shi ya yi titin, shi ya yi masu tafiya a kai.

Kawu.

Rabonta da shi tun ranar da ya sa masu gadi suka rako ta har bakin ƙofar cibiyar binciken da yake shugabanta, farar rigar aikinta a hannu, ma'aikata na leƙen ta ta taga. Daga ranar Dakta guda ta koma sayar da dashen mangwaro da gwaba a bakin titi.

Ya ɗaga ragar inuwa da ta kewaye lambun ya shigo yana zaɓar inda zai taka, kada laka ta taɓa masa takalmi. A bayansa Inna ce, ƙanwarsa, mahaifiyar Auta, tana tafe tana sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifin.

Nan take Auta ta gane. Duk wanda ya ɗauko maka uwarka ya sako a gaba, roƙo ya zo yi. Wani daɗi ya ratsa zuciyarta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

"Auta, ba ki ga mutane ba ne?" in ji Inna.

"Sannu da zuwa Inna." Ta jawo wata ledar. "Ina kwana Kawu."

"Lafiya lau 'yata. Ya sana'a?"

'Yata. Yau kuma. Ranar da ya kore ta ai "ke yarinyar nan" ce.

"Sana'a alhamdu lillahi. Mangwaro kake so ko gwaba? Akwai lemon tsami ma, na ga kamar shi ya fi dacewa da fuskarka yau."

"Auta!" Inna ta zare mata ido.

"Ƙyale ta," in ji Kawu. Ya waiga neman wurin zama, bai ga komai ba sai wani bokiti da aka kife. Ya dubi bokitin, ya dubi rigarsa, ya fasa. "Magana ce ta kawo ni. A kan Bebiya."

"Wace Bebiya? Ni a takardar da ka buga ban ga wannan sunan ba. Wani dogon suna na gani mai lambobi, sai sunanka a sama, sai na mijin 'yarka a ƙasa. Mutumin da in ka miƙa masa dawa da gero sai ya tambaye ka wanne ne wanne."

Ga wanda ya shigo labarin yau, bari in gutsura masa. Wuta-wuta, ciyawar nan da ke kashe dawa a tsaye, ba ta tsirowa sai an kira ta. Irinta kamar ƙura yake, yana kwance a ƙasa shekara da shekaru yana barci. Sai saiwar dawa ta fitar da wani ɗan ruwa, ya ji ƙanshinsa ya farka, ya maƙale mata ya yi ta tsotsa. Wato dawa da bakinta take kiran ajalinta. Auta ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin gwaji tana lalube cikin ƙwayoyin gadon dawa, har ta gano ainihin wurin da ke ba da umarnin kiran nan. Ta sa almakashin nan na zamani da ke yanka ƙwayar halitta daidai inda aka nuna masa, ta datse wurin. Ba ta ƙara wa dawar komai daga waje ba, baki kawai ta rufe mata. Shi ya sa ta raɗa mata Bebiya.

Da aiki ya yi kyau, Kawu ya share sunanta ya sa nasa. Da ta ɗaga murya, ya ce an gan ta tana fita da iri a jaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kawu ya gyara murya.

"An ɗan samu matsala a filin gwajin cibiya."

"Ayya. Fari ne?"

"A'a."

"Tsuntsaye?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Ni mai dashe ce Kawu, me na sani?"

"Wuta-wuta ce. Ta fito."

"Kaɗan?"

"Filin gabaɗaya ya yi fure. Daga bakin titi ake hangowa. Dawar ko gwiwa ba ta kai ba ganyenta ya fara ƙonewa. Ga ranar nuni ta matso, an gayyaci manyan baƙi, da 'yan jarida, da masu ba da tallafin aikin."

Auta ta so ta daure, wallahi ta so. Dariyar ce ta fi ƙarfinta. Ta yi ta yi har ledar hannunta ta faɗi ƙasar ta zube, har hawaye ya fito mata ta share da bayan hannu.

"Ki ji tsoron Allah," in ji Inna. "Yayana ne. Shi ya riƙe ki bayan rasuwar babanki. Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Shi da ya yanke nasa ya yar fa Inna? Ranar ai ɗakinki na zo ina kuka. Me kika ce min? Ki yi haƙuri Auta, na gaba ne. To na yi haƙurin. Ga shi ya yi fure."



Auta ta miƙe ta kaɗe zaninta, ta tsaya gaban Kawu kamar yadda shi yake tsayawa gaban ɗalibai ranar jarrabawa.

"Wane iri ka shuka a filin?"

"Wanda kika bari a gidan gilashin renon shuka. Na bencin gaba."

"Dogayen nan masu manyan zangarniya, masu kyau a hoto."

"Su."

"Me aka rubuta a jikin tukwanensu?"

"SH."

"Ma'ana?"

"Shiru. Waɗanda gyaran ya kama suka yi shiru, ba sa kira."

"Wa ya gaya maka?"

Ya dubi takalminsa.

"Na bencin baya fa? Gajerun nan masu 'ya'ya barkatai, marasa kyan gani. Me ke jikinsu?"

"B."

"Ma'ana?"

Ya kawar da kai. "Banza. Na ɗauka waɗanda gyaran ya lalata ne."

"Sai ka yi yaya da su?"

"Na sa aka ƙone."

Ta daɗe da sanin haka, amma jin sa daga bakinsa ya soke ta har ƙashi. Shukokin nan tun suna ɗan ɗigon kore a cikin kwalba take renonsu. Ranar da wuta ta ɗauke a cibiyar da kanta ta yi ta yi musu fifita da kwali. Shi kuwa ya sa an watsa musu kalanzir.

"SH, shaida ke nan Kawu," ta ce a hankali, tana jin daɗin kowace kalma. "Duk mai gwaji yana ajiye shukar da bai taɓa ba a gefe, ta zama shaida, a gwada mai gyara da ita. Kai ka koya min wannan a aji. Ni kuwa na zaɓo dawar da ta fi kowace dawa kiran wuta-wuta, mai bakin da ba ya rufuwa, na sa ta zama shaidata. B kuma Bebiya ce. Gyaran ne ke gajarta ta ya sa ta yi 'ya'ya da yawa. Da ka taɓa ƙarasawa bencin baya ka tambaye ni, da ka sani. Amma can akwai laka, ga takalminka."

"Innalillahi," in ji Inna.

"Ya ƙone amarya ya ɗauki 'yar rakiya, Inna. Ya kai ta ƙasar da aka dafa, inda babu ko ƙwayar wuta-wuta, ya yi ta ninka irinta buhu-buhu yana ɗaukar hoto. Sakamakon da ke cikin takardarsa na Bebiyata ne. Irin da ke hannunsa na mai surutu ne."

Kawu ya ɗago ya dube ta. Abin mamaki, ba ta ga kunyar da take jira ba.

"Wato kin sani."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ga hotonka a jarida ka rungumi zangarniyar shaida kana washe baki."

"Ɗaga murya, kunnen nan nawa ya fara nauyi. Kin san irin da muke ninkawa ba shi ne mai gyara ba, kika yi shiru?"

"Na sani, na yi shiru!" Muryarta ta cika lambun, har mai facin taya da ke tsallaken titi ya waiwayo. "Ko yau aka mayar da ni baya shirun zan sake yi! Na so a shuka, na so ta fito, na so ta yi fure kowa ya gani! Kullum aka yi ruwan sama sai na fito na tsaya ina ce wa dawar, sha ki ƙoshi, ki kira 'yar'uwarki!"

Da ta lura, da ta ga yadda gefen bakinsa ya ɗan motsa. Amma mai cikin daɗin ramuwa ba ya gani sosai.

Inna ta kamo hannunta ta riƙe gam. "Ya isa haka. Don darajar nonon da kika sha, ya isa."

"To yanzu abin da ya wuce ya wuce," in ji Kawu. "Tambaya ɗaya zan yi miki. Akwai sauran irin na gaskiya?"

"Akwai."

Idonsa ya kawo haske. "A ina? A nan?"

"Ka so a ce a nan ne, don sharrin da ka yi min ya zama gaskiya. Ban fita da ko ƙwaya ɗaya ba. Tana cikin ɗakin sanyinka na ajiyar iri. Kullum ta ƙofarsa kake wucewa in za ka ofis."

"Ɗakin sanyi akwai dubban ambulan na iri."

"Ƙwarai. Kuma lamba ce kawai a jikinsu, babu SH babu B, balle ka fassara. Ka sa mijin 'yarka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. In Allah ya ja kwana jikokinsa za su samo."

"Faɗa min lambar."

"Haka kawai?"

"Me kike so? Aikinki? Gobe ki koma. Ofis? Ki zaɓa. In na mijin 'yata kike so, yau zan sa ya kwashe kayansa."

Ta girgiza kai. Wannan amsar ta daɗe tana shirya ta, tana ban-ruwa tana maimaitawa, tana wanke-wanke tana gyarawa.

"Ranar nunin, a tsakiyar filin da ya yi fure, gaban baƙinka da 'yan jaridarka, za ka karɓi lasifika ka ce aikin nan ba naka ba ne, ɗauka ka yi. Sannan ka mayar da sunana a kan aikina. Cikakke, har da na mahaifina, wanda ka ce ɗan lebura ba ya haifar mai ilimi."

"Auta, so kike ki kashe shi?" Inna ta fashe da kuka. "Mutum da furfurarsa?"

"Ni da ya kashe ni ba furfura, wa ya yi kuka?"

Kawu ya tura hannu cikin aljihun rigarsa, a natse, kamar mai neman carbi.

"Suna dai kike so."

"Shi."

"Ai tuni aka mayar."

Ya zaro wani ƙaramin buhu da aka ninke, ya warware shi ya riƙe da hannu biyu a gabanta. Fari ne mai koren rubutu. A sama an zana zangarniyar dawa. A ƙasa sunanta ne da manyan baƙaƙe, cikakke, har da na mahaifinta. A gefe ga hotonta na katin aiki, tana murmushi cikin farar riga.

Ta ƙura wa hoton ido.

"Buhun mene ne wannan?"

"Na iri. Wanda aka raba wa ƙungiyar manoma tun farkon damina."

"Ƙarya ne. Doka ta hana a fitar da iri kafin a gama gwajin fili."

"Masu tallafi sun ce suna so su ga manoma a hoto, ba tukwane ba. Aka kawo takarda na sa hannu."

"Wane irin ka raba musu?"

"Iri nawa gare ni?"

Duk tsawon watannin nan fili ɗaya take gani a zuciyarta, na cibiya, mai shingen waya, wanda babu wanda zai kwana da yunwa in ya ƙone. Ba ta taɓa kawo gonar kowa a ranta ba.

Kawu ya matso, ya manta da lakar, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Shirunki ne ya ba ni tsoro. Ni na rene ki, na san ba kya yin shiru a banza. Ban san inda kika binne abin ba, amma na san kin binne. Sai na raba hannu. Takarda da lambar yabo sunana. Buhu sunanki. In ta yi kyau, manya takarda suke karantawa. In ta ɓaci, manomi buhu yake gani." Ya yi ɗan murmushi. "Wanda ya riga ka barci, Dakta, dole ya riga ka tashi."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Amin. Kin san waɗanne gonaki aka zaɓa? Waɗanda masu su suka haƙura da su saboda wuta-wuta. Aka ce su koma, magani ya zo. Wasu ko wake ba su saka a tsakani ba, don sun yarda. Ke kika fi ni sanin 'ya'ya nawa fure ɗaya ke zubarwa, da shekarun da za su yi a ƙasa suna jira."

Ta sani. Ita ta rubuta wannan babin da hannunta.

"Me yake ce miki?" Inna ta jijjiga hannunta. "Yaya, me kake gaya mata? Ku yi magana in ji mana!"

"Shawara nake ba ta," in ji Kawu, ya koma muryarsa ta taro. "Ta ba ni lambar ambulan, in fito in ce kuskuren ma'aikata ne, a lallashi mutane, baɗi a ba su na gaskiya. Kowa ya tsira da mutuncinsa."

"Kai ka tsira da naka," in ji Auta. Wutar da ke ƙirjinta ba ta mutu ba. "In ba ka Bebiya ka sake hawa kanta? Zan je wurin manoman da ƙafata. Zan gaya musu korata aka yi, ban san an raba ba, ban san komai a kai ba."

"Ba ki san komai ba?"

"Ban san an…"

"Ba sai kin wahalar da ƙafarki ba." Ya juya wajen ragar inuwa ya ɗaga murya. "Malam, bismilla. Yi haƙuri na bar ka a tsaye."

Ragar ta motsa.

Wani dattijo ne ya shigo, siriri, rigarsa ta koɗe a kafaɗa, ƙafafunsa duk faso. Ashe a mota ɗaya suka zo, tun ɗazu yana tsaye a bayan ragar, inda ba a ganinsa amma ana jin komai. A hannunsa akwai tushen dawa da aka tumɓuke, gajere, ganyen ya ƙone, ga wuta-wuta ta kewaye saiwar da furanninta masu ruwan hoda, shar da su kamar an yi musu ban-ruwa.

Bai dubi Kawu ba. Ya zo gaban Auta ya sunkuya da ƙyar, ya ajiye tushen a kan ledojin dashenta. Ya dubi hoton da ke jikin buhun, ya dube ta.

"Ke ce," ya ce.

"Baba, ka saurare ni…"

"Na saurara 'yata. Tun ɗazu nake saurare." Muryarsa ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. "Ni ne shugaban ƙungiyar. Ni na bi su gida-gida da buhun nan. Masu gardama na ce musu na san babanki, tare muka yi dako a tasha, 'yarsa ba za ta cuce mu ba. Akwai matar da mijinta ya rasu bara, gonarta ɗaya, da hannuna na zuba mata irin a ƙwarya."

Dattijon ya ci gaba.

"Tun da abin ya fito nake tare manoman. Na ce kuskure ne, ɗan Adam ajizi ne, ku bari in je in ji daga bakinta. Suka ce ba su yarda ba, za su biyo ni a baya."

A bakin titi wata babbar mota ta ja birki. Aka fara jin dirar ƙafafu, ɗaya bayan ɗaya, ba sa ƙarewa.

Inna ta dubi tushen dawar, ta dubi 'yarta. A hankali ta saki hannun da take riƙe da shi.

"To na zo, na kuma ji," in ji dattijon. "Kin sani, kika yi shiru, kina yi wa ruwan sama addu'a. Tsakaninki da kawunki, Allah ya fi mu sanin mai gaskiya."

Ya share idonsa da bakin rigarsa.

"Amma 'yata, mu me muka yi miki?"